Kujeru goma sha biyar, mutum ashirin: yadda Toronto Raptors ta ɗauki 'yan wasa a 2019

"Malam, ni mai bin gasar ƙwallon kwando ta NBA ne tun lokacin da Toronto Raptors ta ci kofi a 2019, musamman da na ji cewa shugabanta na wancan lokaci, Masai Ujiri, a Zariya ya tashi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da tauraronsu Kawhi Leonard ya tafi, maimakon su sayo wani tauraro da kuɗin da ya bari, sai suka kwaso mutanen da ba a san su ba, har wasunsu aka sallame su kafin a fara kakar wasa. Rowa ce ko dabara? Kuma ta yaya koci yake tantance wanda zai zauna da wanda zai tafi?"

Ɗan'uwa, tambayarka gida biyu ce. Ta farko ta shafi kuɗi da dokokin gasar, wato abin da ƙungiya take da ikon yi lokacin hutun ƙarshen kaka. Ta biyu ta shafi abin da ke faruwa a filin atisaye bayan an gama sa hannu. Zan fara da ta kuɗin, domin akwai wani zato a cikin tambayarka da ya kamata a warware shi tukuna, shi ne cewa Kawhi ya bar kuɗi a baya da za a iya kashewa a kan wani.

Abin da ya sa tafiyar Kawhi ba ta buɗe aljihu ba

A NBA akwai iyakar albashi da ake sanya wa kowace ƙungiya. A kakar 2019 zuwa 2020 iyakar ta ɗan haura dala miliyan 109, kuma wadda jimillar albashinta ta wuce kusan miliyan 132 sai ta biya harajin wuce gona da iri. Sai dai wannan iyaka ba katanga ba ce da ba a ƙetarewa. Doka ta yarda ƙungiya ta wuce ta idan za ta sabunta kwantiragin ɗan wasanta na gida wanda ya cika wasu sharuɗɗa, kuma ana kiran wannan dama da sunan Larry Bird, tsohon tauraron Boston. Da wannan dama ce Toronto take da ikon ba Kawhi kwantiragin shekara biyar na kusan dala miliyan 190. Amma damar a jikin Kawhi take, ba a asusun ƙungiya ba. Ranar da ya zaɓi Los Angeles Clippers, damar ta bi shi ta tafi, ba a iya ɗaukar ta a ba wani baƙo.

Abin da ya rage a littafin albashi kuwa ba kaɗan ba ne. Kyle Lowry da Marc Gasol da Serge Ibaka, su uku kaɗai, sun lashe sama da dala miliyan 80 a waccan kaka, ga Norman Powell da Fred VanVleet kowannensu yana karɓar wajen miliyan tara zuwa goma. Idan ka haɗa da sauran, za ka ga cewa ko bayan tafiyar Kawhi da Danny Green, wanda ya koma Lakers, Toronto ba ta da filin da za ta ɗauki tauraro. Ƙungiyar da take cikin wannan hali ƙofofi ƙanana ne kawai suka rage mata: rangwamen matsakaicin albashi, wato kuɗin da doka ta yarda a kashe kan baƙi ko an wuce iyaka, wanda a shekarar ya kai kimanin dala miliyan 9.3 kuma ana iya raba shi tsakanin mutane da yawa. Akwai kuma wani ƙaramin rangwame na kimanin miliyan 3.6 da ba a amfani da shi shekara biyu a jere. Sai kuma kwantiragin mafi ƙarancin albashi, wanda kowa ke iya bayarwa.

Ga kuma matsalar lokaci. An buɗe kasuwar 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare ranar 30 ga Yuni, kuma a cikin awanni kaɗan manyan sunaye suka yi gida, Kevin Durant da Kyrie Irving suka nufi Brooklyn, Kemba Walker ya nufi Boston. Kawhi bai yanke shawara ba sai kusan mako guda bayan haka. Toronto ba ta da zaɓi illa ta jira shi, domin babu mai hankalin da zai rufe ƙofa a kan mutumin da ya ci masa kofi makonni kaɗan da suka wuce. Kafin labari ya fito, kasuwa ta riga ta watse, sai 'yan tsintar abin da ya saura.

Su wane ne aka ɗauko, kuma don me

Idan ka dubi waɗanda Ujiri da babban manajansa Bobby Webster suka ɗauko, za ka ga iri uku ne. Iri na farko su ne waɗanda aka taɓa yi wa kallon manyan gobe amma abin bai yiwu ba a inda suke. Stanley Johnson shi ne na takwas da aka zaɓa a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2015, Detroit ce ta ɗauke shi, yana da ƙirar jiki da ƙarfin tare manyan 'yan wasa, amma jifansa bai taɓa zama abin dogaro ba. Toronto ta ba shi shekara biyu a kan kusan dala miliyan 7.5. Rondae Hollis-Jefferson, wanda aka zaɓa na 23 a zaɓen na 2015 kuma ya yi kakanni huɗu a Brooklyn, ya karɓi shekara ɗaya a kan miliyan 2.5. Cameron Payne, na 14 a zaɓen 2015, ya zo da kwantiragin da ba a lamunce masa dukkan kuɗin ba.

Iri na biyu mutum ne mai sana'a ɗaya. Matt Thomas a Sifaniya yake wasa, a ƙungiyar Valencia, kuma abin da aka san shi da shi jifan maki uku ne. Tafiyar Danny Green ta bar giɓi a wannan fanni, sai aka ɗauko shi a kan shekara uku da kuɗi kaɗan. Iri na uku kuma matasa ne da ba wanda ya zaɓe su. Terence Davis ya gama jami'ar Mississippi, aka kira sunaye sittin babu nasa, ya je gasar bazara ta Las Vegas da rigar Denver, ya ci maki 22 a wasansa na farko, Toronto ta yi wuf ta ba shi cikakken kwantiragi kafin Denver ta farga. Oshae Brissett, ɗan Kanada, ya shigo ta ƙofar gwaji.

Abin da ya haɗa su duka shi ne gajeren wa'adi da arha. Ba ko ɗaya da zai ɗaure hannun ƙungiya a bazarar 2021, kuma hatta ƙarin da aka yi wa Lowry a Oktoba shekara ɗaya ce tak, a kan dala miliyan 31. Mutum ɗaya aka yi wa doguwar yarjejeniya, Pascal Siakam ɗan Kamaru, shekara huɗu a kan miliyan 130. 'Yan jaridar da ke bin ƙungiyar sun daɗe suna danganta wannan tsumi da burin ɗauko Giannis Antetokounmpo, tauraron da kwantiraginsa da Milwaukee zai ƙare a 2021. Don haka amsar rabin tambayarka ita ce ba rowa ba ce. Ƙungiya ce da doka ta ƙuntata mata a bana, ta kuma ƙi ɓata damar baɗi da ta jibi saboda mutanen da ba za su maye gurbin Kawhi ba ko an biya su ninki uku.

Me ya sa ake tara mutum ashirin

A wancan lokaci doka ta ba ƙungiya damar riƙe mutum ashirin lokacin hutu da sansanin atisaye, amma kafin ranar buɗe kaka dole ta rage su zuwa goma sha biyar masu cikakken kwantiragi, da biyu masu kwantiragin gida biyu, wato waɗanda ke kai da komo tsakanin babbar ƙungiya da ƙaramarta da ke gasar G League. Yarjejeniyar 2023 ta ƙara adadin zuwa ashirin da ɗaya, masu gida biyu kuma suka zama uku, amma tsarin bai sauya ba.

Abin da mai kallo daga nesa ba ya lura da shi shi ne waɗannan mutum ashirin ba daidai suke ba tun ranar farko. Wanda aka lamunce wa kuɗinsa gaba ɗaya, ko an sallame shi sai an biya shi, kuma kuɗin zai ci gaba da zama a lissafin albashin ƙungiya, saboda haka da wuya a taɓa shi. Idan ƙungiya ta shiga sansani da irin waɗannan mutum goma sha uku, to ainihin kokawar a kan kujeru biyu ne kawai. Sai masu rabin lamuni, waɗanda aka ba wani kaso a hannu, sauran kuma sai sun tsallake farkon Janairu, domin ranar 10 ga Janairu duk wani kwantiragi da ya rage yana zama lamuntacce har ƙarshen kaka. A can ƙasa kuma akwai masu kwantiragin da ake kira Exhibit 10, waɗanda galibinsu sun san ba za su zauna ba. Ana kawo su ne don a sallame su su wuce ƙaramar ƙungiya, ta Toronto ita ce Raptors 905 da ke Mississauga, inda za su samu ladan da a lokacin ya kai dala 50,000 idan suka yi kwana sittin a can. Sallamar irin waɗannan ba faɗuwa ba ce, hanyar da aka shimfiɗa musu ke nan tun farko. Kuma koci yana buƙatar jikuna a sansani, domin ba zai so tsofaffi irin Gasol, wanda ya buga wa Sifaniya gasar cin kofin duniya har ya ɗauko kofi a Satumbar 2019, su ƙare ƙarfinsu a atisayen Oktoba ba.

A Toronto, kokawar kujerun ƙarshe ta kasance tsakanin Chris Boucher da Malcolm Miller, waɗanda dama 'yan gida ne, da baƙi irin Payne da Isaiah Taylor. Boucher da Miller suka zauna, Payne da Taylor aka sallame su, Brissett kuma ya samu kwantiragin gida biyu.

Abin da koci yake kallo

A nan ne zan yi magana da abin da na sani a aikace. Na daɗe ina horar da matasa da ƙungiyoyin da ba na sana'a ba, kuma ko da yake tsakaninmu da NBA akwai nisan sama da ƙasa, zaɓen mutum na ƙarshe a jerin suna iri ɗaya ne ko'ina. Kuskuren da sabon yaro yake yi shi ne ya ɗauka wanda ya fi cin maki a gwaji shi zai zauna. Ƙungiyar da ke da Siakam da Lowry da VanVleet ba ta neman wanda zai riƙe ƙwallo, tana da su. Mutum na tara ko na goma zai shiga ne minti takwas ko goma, wataƙila ya yi jifa biyu, kuma abin da ake so daga gare shi shi ne kada tazarar maki ta lalace kafin manya su huta su dawo.

Ni idan ina gwada baƙo, nakan sa shi cikin biyar ɗin da suka fi rauni, in bar su su kara da biyar na farko, sannan in daina bin ƙwallo da ido, in kafa masa ido shi kaɗai. Ya yi jifa ya kuskure, shin ya tsaya yana kallon hannunsa yana girgiza kai, ko ya juya da gudu zuwa gida? An wuce abokinsa, shin ya taso ya rufe hanyar kwando, ko ya manne wa nasa mutumin don kada a ce laifinsa ne? Bakinsa yana aiki, yana gaya wa na gabansa cewa ga mai shinge nan ta hagu, ko shiru yake? Kuma mafi muhimmanci, idan na gyara masa tsayuwa ranar Litinin, ranar Laraba gyaran yana nan ko sai na maimaita? Wanda sai an faɗa masa sau uku, komai tsallensa, koci ba zai amince ya sa shi a kwata na huɗu ba.

Wannan ne ya faru a Toronto a bainar jama'a. Tun ana wasannin share fage, koci Nick Nurse ya fito ya gaya wa 'yan jarida cewa sababbin zuwa ba su fahimci irin ƙwazon da ƙungiyar ke tare gida da shi ba tukuna, kuma kowa ya san Johnson da Hollis-Jefferson ake nufi, mutanen da aka ɗauko su saboda tare gida ɗin. Ba kasafai koci ke yin haka ba, kuma a ganina ya yi ne don ya sanar da su cewa shahara da lambar zaɓe ba za su saya musu minti ko ɗaya ba. Tsarin Nurse yana da wuyar koyo, domin yakan sauya salon tsaro a tsakiyar wasa, daga bin mutum zuwa tsaron yanki zuwa matsa lamba tun daga ƙarshen fili, kuma mutum ɗaya da ya makara da taku guda ya isa ya rusa aikin huɗun. Da aka buɗe kaka da New Orleans, Davis, wanda ba a zaɓa ba, shi ya samu shiga daga benci tare da Ibaka da Powell. Ya buga dukkan wasanni 72 na waccan kaka, aka kuma sa shi a jeri na biyu na fitattun sababbin shiga. Johnson, wanda ya fi dukkan baƙin albashi, ya shafe mafi yawan kakar a zaune.

Kokawar ba ta ƙarewa ranar buɗe kaka

Shiga jerin goma sha biyar mataki ne kawai, domin koci da mutum takwas zuwa goma yake aiki a wasan da ake ji da shi. Sauran suna jiran rauni ko tafiya mai nisa, kuma a kaka mai tsawo irin ta NBA jiran ba ya daɗewa. A farkon Nuwamba 2019, Lowry da Ibaka suka ji rauni a wasa ɗaya a New Orleans. Wasa na gaba da Lakers ne a gidansu, ga LeBron James ga Anthony Davis, kowa ya ɗauka an gama. Nurse ya waiwaya benci ya tayar da Boucher da Hollis-Jefferson da Terence Davis, kuma Toronto ta ci 113 da 104. Daga wannan dare Hollis-Jefferson ya samu gurbi, yana tare duk wanda aka ba shi, babba ko ƙarami, yana kutsawa ƙarƙashin kwando yana tsinto ƙwallon da ta dawo.

Wanda ya fi nuna amfanin waɗannan ƙananan kwantiragi shi ne wasan 22 ga Disamba da Dallas. Siakam da Gasol da Powell duk suna jinya, Dallas ta ba da tazarar maki talatin a kwata na uku, har wasu 'yan kallo sun fara tunanin hanyar gida. Nurse ya bar Lowry a fili ya haɗa shi da Terence Davis da Miller da Hollis-Jefferson da Boucher, ya ce su matsa tun daga layin da Dallas ke jefo ƙwallo. Dogayen hannuwan nan suka rufe hanyoyi, 'yan Dallas suka fara jefar da ƙwallo inda ba kowa, Lowry yana zura na maki uku ɗaya bayan ɗaya, Boucher yana gudu yana dankarawa. Aka tashi 110 da 107. Mutum huɗun da ke tare da Lowry, uku ba a zaɓe su a zaɓen sababbi ba, biyu kuma da ƙyar suka tsallake sallamar Oktoba, kuma albashinsu gaba ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na nasa ba. Ƙungiyar ta kammala kakar da nasara 53 da rashin nasara 19, wanda a lissafin kaso ya fi na shekarar da Kawhi yake nan, kuma Nurse ya zama gwarzon koci na shekara.

Ya kamata a ce kuma Toronto ba da ka ta yi wannan ba, ta saba. VanVleet da kansa ta wannan ƙofa ya shigo a 2016, ba a zaɓe shi ba, ya yi kokawar kujerar ƙarshe a sansani ya samu, ya yi ta zirga-zirga zuwa Raptors 905, sai ga shi ya ci maki 22 a wasa na shida da aka ɗauki kofi a kan Golden State. Boucher ma sai da Golden State ta sallame shi kafin ya zo ya zama gwarzon G League a 2019. Ƙungiyar da ke da masu farautar hazaƙa nagari da ƙaramar ƙungiya a kusa da gida tana iya yin caca da arha ta ci riba. Wadda ba ta da su, idan ta kwaikwayi tsarin, tarkace kawai za ta tara.

Inda hukuncin yake da iyaka

Kada ka ɗauka sansanin mako uku ma'auni ne da ba ya kuskure. Payne da aka sallama ya tafi Sin, ya dawo G League, Phoenix ta ɗauke shi a 2020, kuma a 2021 yana cikin waɗanda suka kai ta wasan ƙarshe na gasar, har ya riƙe ragamar ƙungiyar a wasannin da babban mai raba ƙwallonta, Chris Paul, bai buga ba. Ba lallai ne a ce Toronto ta yi kuskure ba, domin tana da Lowry da VanVleet a gurbinsa, shi kuma a lokacin bai zama abin da ya zama daga baya ba. Amma ya nuna cewa sallama hukunci ne a kan dacewar mutum da wannan ƙungiya a wannan wata, ba a kan iyawarsa duka ba. Mu kuma da muke kallo daga waje, wasannin share fage kaɗai muke gani, alhali mafi yawan hukuncin a rufaffen ɗakin atisaye da ɗakin likita ake yanke shi, don haka duk mai sharhi, har da ni, ya kamata ya sassauta murya idan yana cewa wane ya fi wane cancanta.

Tsumin kuɗin ma ya zo da farashinsa. A wasannin fitar da gwani na 2020 da aka yi a Orlando saboda annobar korona, Boston ta fitar da Toronto a wasa na bakwai na zagaye na biyu, kuma abin da ya fito fili shi ne rashin mutum ɗaya da za a miƙa wa ƙwallo idan wasa ya cije, wato aikin da Kawhi yake yi, wanda benci komai zurfinsa ba ya yi. A Nuwambar 2020 an sabunta wa VanVleet shekara huɗu a kan dala miliyan 85, amma Ibaka ya koma Clippers, Gasol ya koma Lakers, yayin da ƙungiyar ke ci gaba da kaffa-kaffa da kuɗin 2021, aka maye gurbinsu da Aron Baynes da Alex Len. Wata guda bayan haka Giannis ya sa hannu a kan shekara biyar da Milwaukee a kan dala miliyan 228. Toronto, wadda dokokin tafiya na lokacin annoba suka tilasta wa buga wasanninta na gida a Tampa ta jihar Florida, ta ƙare kakar da nasara 27 da rashin nasara 45, ba tare da tsayayyen ɗan tsakiya ba mafi yawan lokaci, kuma wannan faɗuwa ce, haɗe da sa'ar ƙuri'a, ta ba ta lamba ta huɗu a zaɓen 2021, inda ta ɗauki Scottie Barnes.